Wata Uku a Ramin Kwaɓi

Na bar Aboabo da asuba, jaka a cinya,
motar Kejetiya ta sauke ni inda kwalta ta ƙare,
inda turakun lantarki suka gaji suka juya.
Takardar jami'a tana ƙasan jaka.
Ba wanda ya tambaye ta.

Maame Pokuaa ta dubi takalmina,
ta ce, cire.
Darasin farko ke nan.

Jar ƙasa, yashi, bambaron shinkafa,
mu shida a rami muna tattakawa
kamar masu rawar da makaɗinsu ya gudu.
Ta ce ƙafa ta fi sikeli gaskiya:
in laka ta kama diddige, ta sake shi da tsaki, to ta nuna.
Na dunƙula curi, na saki daga kafaɗa,
ya tarwatse. Yashi ya yi yawa.
Na sake wani, ya baje kamar waina.
Kwana tara kafin curina ya faɗi
ya zauna da mutuncinsa.

Farantin sola biyu a rufi, batir ɗaya,
wayoyi shida da yunwarsu.
Nan na gane haske ma da mudu ake awonsa.
Ranar da hadari ya toshe sama tun hantsi
aka ce mu zaɓa, fitila ko famfo.
Muka zaɓi ruwa, muka ci doya a duhu,
Twumasi na dariya, wai wannan ɗauke wutar tamu ce,
ba kamfanin da za mu zaga.

Katangata ta fari ta kai ƙugu.
Na manta ban rufe ta ba, sama ta tsage da dare.
Da safe na tarar da ita a zaune
kamar tsohuwar da ta ƙi tafiya.
Na yi kuka, ban ɓoye ba.
Maame ta miƙo mini shebur:
ƙasa ba ta riƙon zuciya,
abin da ya rushe jiya kwaɓin yau ne.

Na kira Inna a sauran cajin da ya rage.
Ta ce, Barira, shekara huɗu ina sayar da koko
don ki koma cuɗa laka?
Kakanki Tanimu ya zo Kumasi da fataken goro,
ya ɗora tubali a zango da hannunsa.
Shekarar da aka haife ki muka rushe ɗakin,
muka sa bulo da kwano, har walima muka yi.

Shiru.
Na zaci layi ne ya yanke.

Amma ɗakin nan, in ji ta,
ko rana na dafa ƙwai a waje
sai ka nemi mayafi.
Yakan jiƙa ɓawon ɗorawa har ruwan ya yi baƙi,
ya shafe bango da shi.
Makuba. Kin ji? Makuba.
Na ɗauka na manta sunan.

Na samo ɓawon wurin masu daddawa, buhu guda,
ya kwana uku a ganga yana wari.
Muka yaɓa gefen gabas, inda ruwa ke mari.
Aka yi sama sau biyu. Bango bai ce uffan ba.
Maame ta ɗauko littafinta mai kunnen jaki,
ta ce, faɗa mini harafi-harafi.
Ni da na zo koyo
na tsaya ina yi wa malama shifta.

Ranar sallama Inna ta zo da mayafin biki,
tana ɗage zane kada ya taɓa ƙasa.
Ta zagaya ɗakin, ba ta yaba ba.
Ta ɗora tafin hannu a bango, ta daɗe,
ta kai hanci kusa.

Sannan, a bakin ƙofa,
ba wanda ya ce mata komai,
ta cire takalmi.